Gefen da Ake Huda Takarda

Ran Asabar ƙanwar mijina ta zo da ƙawayenta biyu, suka tsaya suna kallona ina haɗa wa wani ɗalibi littafinsa. Da na gama, ɗaya ta ce, "Anti, wannan ai ni ma zan iya. Huda takarda ne kawai a zura roba." Na ce haka ne. Na miƙa mata farar takarda ashirin na ce ta huda mini. Ta danna hannun mashin ta ciro, ramukan sun karkace, na ƙarshe ma ya yage bakin takardar. Suka yi dariya, ni ma na yi. Saboda su da irinsu nake rubuta wannan, da ɗan karatun da nake da shi, don a aji biyar na tsaya a lakwal a Maradi, sai Islamiyyar yamma da na ɗan jima a ciki.

Sunana Balkisa. Sana'ata ɗaure takardu su zama littafi, reliyir muke ce mata. Labarin da nake son ba ku na watan da mai shagon da nake wa aiki ya ce ɗaya daga cikinmu mu biyu za ta bar shagon, kuma kowa ya san ni ce, tunda ni ce ba ni da takardar shaidar komai. Amma sai kun san layin tukuna.

Layinmu yana unguwar Yantala a nan Yamai, bayan wata makaranta mai zaman kanta inda ake koyon lissafin kuɗi da aikin ofis, ga wata ta Larabci da Faransanci ba nisa. Tsofaffin unguwa sun ce da can gidaje ne kawai da bishiyar bedi guda. Wani ya fasa garejin gidansa ya sa injin fotokofi, ɗalibai suka yi masa layi, maƙwabcinsa ya gani ya fasa nasa. Yau in ka tsaya a bakin layin ba ka ganin katanga, sai ƙofofin shago. Ga mai fotokofi, ga mai buga rubutu a ordinatar, wato kwamfuta, ga mai hoton kati, ga mai cika wa mutane takardun konkur, jarrabawar neman aiki, ta intanet, ga mai gyaran waya. Har da wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, da ya ajiye aikin koyarwa, yana zama ƙarƙashin bedin da jan bik ɗinsa yana gyara wa ɗalibai Faransancinsu shafi-shafi. Ba mu da buhu a layinmu, ba mu da tiya. Abin da ke cikin kan mutane ne ke shigowa ta wannan baki, ya fita ta wancan da bango da suna a kansa.

Baƙi kan tambaya me ya sa muka taru wuri ɗaya muna sana'a iri ɗaya, ba ma ƙwace wa juna ciniki? Muna ƙwacewa mana. In maƙwabci ya rage farashi mukan yi kwana biyu gaisuwarmu a taƙaice, rana ta uku mu je aron takarda wurinsa. Abin da na lura shi ne, ɗalibi ya san in ya sauka daga takisi a nan ba zai koma da aikinsa a hannu ba. In injinmu ya tsaya, na gaba yana aiki. In mu ba mu iya abu ba, akwai wanda ya iya a ƙofa ta uku. Don haka yake wuce shago ɗaya tilo da ke unguwarsu ya zo nan. Kuma inda ɗalibai suka taru suna jira, yunwa na zuwa, sai mai dambu da kopto ta kafa tebur, masu kabu-kabu suka yi tasha a kusurwa. Haya kuwa ta tashi. Telan da aka tarar a layin ya kasa, ya kwashe kekunansa ya koma Wadata. Ni kaina ɗakin da muka fara zama da mijina a bayan layin an mai da shi shago, muka koma unguwar Dar es Salam. Layin ne ya fitar da ni daga ɗakina, layin ne kuma ya ba ni aiki.

Aikina na farko a shagon Baba Isufu shara ce. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta karye. Ina da cikin ɗiyata Nafisa a lokacin. Ya ga ina jera masa takardun da suka fito daga inji ba tare da ya ce in yi ba, sai ya ajiye tarin takardun da suka lalace a gabana ya ce, "Huda waɗannan." Wata guda ban taɓa takardar mai ciniki ba, sai ta shara. A nan na koyi cewa takarda tana da hali. Da damina tana shan raɓa ta manne da ƴar'uwarta, sai ka kaɗa ta kamar mafici iska ta shiga tsakani. In ta fito daga inji da zafi takan lanƙwashe, sai ka bar ta ta huce. Kafin ka huda sai ka buga tarin a tebur, tsawo sau biyu, faɗi sau biyu, har bakinsa ya yi santsi a yatsa. Mashin ɗinmu ba ya son fiye da takarda goma sha biyar a lokaci ɗaya. Yanzu babban yatsana ne ke ɗibar su, ba na ƙirgawa.

Mashin ɗin kansa ba wani abin kallo ba ne. Ƙarfe ne mai nauyi da hannu biyu, babba na huda, ƙarami na buɗe haƙoran robar da ake zura takardun a ciki, wadda muke kira sipiral. Ba ya cin kuran, wato wutar lantarki, ƙarfin kafaɗa yake ci. In yana lafiya ƙararsa ɗaya ce, ƙwas. In ka ji ƙwas-ƙwas biyu, to aljihunsa na ƙasa ya cika da ɓarɓashin takarda. Ɓarɓashin nan shi ne abin da ya fi hana ni sukuni da Nafisa ta fara rarrafe, don ba abin da take so kamarsa. In na juya sai in gan shi a leɓenta, in sa yatsa ina lalube mata baki tana cizona. Ga ƙurar tawadar inji, ga hayaƙin gurup, injin ba da wuta na maƙwabta. Da ta yi tari ɗaya sai hannuna ya tsaya. Baba Isufu ya kawo kwalin takarda babba ya shimfiɗa mata zane a ciki, nan ta girma, a gefen ƙafata.

Doka ɗaya ya koya mini da baki, sauran duk da ido na ɗauka. Ya ce, "Ki kalli shafin farko, ki huda ta hagu. Sannan ki kifa tarin, ki riƙa ɗiba ta baya kina jerawa, shafuka ba za su rikice miki ba." Haka nake yi. In na kifa tari ba na ganin komai sai farin bayan takarda, hannuna na tafiya, idona na kan yarinya.

Wata ɗaliba ce ta sa na ƙara wa kaina doka ta biyu. Ta kawo rahoton aikinta, na ɗaure, ta tafi, ta dawo da yamma idonta ja. Shafi na arba'in ba ya ciki, inji ya haɗiye shi, malaminta ya mayar mata da littafin a gaban mutane. Ba laifina ba ne, amma daga ranar ba na huda komai sai na bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya. Faransancin ciki ba na fahimtar rabinsa, amma lamba ba ta gagare ni ba, kuma na san surar shafi. Na san wanda aka juya kansa ƙasa, na san wanda tawada ta yi masa fari a gefe. Sau da yawa ni ke ce wa mai digiri, "Mushe, wannan hoton ya fito sau biyu," ya kalle ni ya kalli takardar, ya ce ai kuwa.

Masu ciniki iri-iri ne. Akwai wanda zai zo da littafinsa a ƙirji kamar jariri, ya tsaya a kanka yana numfashi har ka gama. Akwai wanda zai jefa maka a tebur ya tafi shan shayi. Akwai wani yaro ɗan Tawa da ya sa na ɗaure masa kofi ɗaya na daban, da bango mai tsada, ya ce na tsohuwarsa ne. Na ce tana karatu? Ya ce a'a, za ta sa a ƙarƙashin katifa ne, ta riƙa fito da shi in an yi baƙi. Na zaɓar masa sipiral mafi kyau da muke da shi.

Mu biyu muke yi wa Baba Isufu aiki, ni da Mariyama. Ita ke kan ordinatar. A makarantar da ke gabanmu ta yi karatu, ta fito da dipulom, ta zagaya ofisoshi har takalminta ya cinye, daga ƙarshe ta tsallako titi ta zauna tana buga wa na bayanta abin da ita ma ta buga. Irinta suna da yawa a layinmu. In tana bugawa ba ta kallon yatsunta. Tana kirana Ministar Ramuka, ni ina kiranta Dokta. Tare muke cin dambu a kwano ɗaya, ita ke tsince wa Nafisa barkono.

Sai shekarar nan ta zo da wuta ta zama baƙuwa, iyakar ƙasa kuma a rufe. Kuran ya zo awa biyu ya tafi, ba wanda ya san yaushe zai dawo. Takarda ta yi tsada, wani lokaci ma babu ita. Man gurup kuwa ya fi ƙarfin kowa. Layin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar injuna ya yi tsit, kowa na zaune a ƙofarsa yana kallon ƙwan fitila. In ya kama sai ka ga manya suna gudu. Mai dambu ta rage tukunya. Takisin mijina ya lalace, abin gyaransa ba ya shigowa, yana ajiye a ƙofar gida yara na wasa a kansa. A farkon wani wata Baba Isufu ya kira mu bayan la'asar ya ce, "Ƴaƴana, shagon nan ba zai ɗauki mutum uku ba. In wata ya ƙare ɗaya za ta yi haƙuri." Bai faɗi suna ba. Mariyama ita ke riƙe da tsohuwarta da ƙannenta, ni kuma abin da nake kaiwa gida shi ne tukunyarmu. Washegari muka ci dambunmu kamar kullum, sai dai ba wadda ta tsokani wata.

A mako na uku na watan, ran Alhamis, Malam Habibu ya shigo. Malamin makaranta ne daga wani ƙauye a ƙasar Tawa, gemunsa ya fara fari. Shekara uku yana zuwa Yamai duk hutu yana karatu a makarantar Larabci da Faransanci, ya kammala memuwar ɗinsa, wato littafin ƙarshen karatu. Kofi biyar ake so, kuma ranar ce ta ƙarshe. In bai kai ofishinsu kafin ƙarfe huɗu ba, sai baɗi. Allah ya taimake shi kuran ya zo da hantsi, Mariyama ta buga masa duka biyar, takarda ta ƙarshe na fitowa wuta ta ɗauke. Takardarmu ma ta ƙare a kansa, Baba Isufu ya hau moto ya tafi Wadata nema. Malam Habibu ya ajiye tarin a teburina ya ce, "Ɗiyata, ga amana. Zan yi azahar in dawo."

Ranar Nafisa ta tashi da zazzaɓi da tari, tana kwance a kwalinta ina kallon yadda ƙirjinta ke tashi yana sauka. Na dubi shafin farko, na ga Faransanci, sunan makaranta da tambarinta kamar kowane littafi. Na ce wa kaina Mariyama ta riga ta duba lambobi lokacin da take bugawa. Na kifa tarin na kama huda. Ƙwas, ƙwas, kofi biyar, ban ɗaga kai ba sai don in taɓa goshin yarinya.

Da na juyo na farko zan zura a sipiral, na ɗaga shafin Faransancin, sai ga Bisimilla a tsakiyar shafi na biyu. Na ɗaga na uku, Larabci. Na huɗu, Larabci. Bango da ɗan taƙaitaccen bayani ne kawai na Faransanci, makarantarsu ce ke son haka. Littafin Larabci kuwa ta dama ake ɗaure shi. Ni da na yi shekaru ina buɗe littafi ta wannan gefen a Islamiyya, ni ce na huda na bawan Allah ta hagu, duka biyar. Rami kuwa ba a cike shi.

Na ce, "Dokta, zo ki gani."

Ta zo ta duba, ta yi salati a hankali. Ta ce, "Ki ɗaure shi haka. Ai dai ana karantawa."

Na nuna mata. Mai rubutun ya bar fili mai faɗi a dama don ɗauri, a hagu kuwa ɗan kaɗan ne. Shafukan da ke da jadawali ramukan sun ci musu baki, wasu kalmomin an huda su a tsakiya. Na ce, "Malamai ne za su duba shi. Littafi mai ayoyi a ciki ya buɗe musu ta baya? A ƙofa za su mayar masa."

Ta kalle ni. Ni na san abin da ta sani. In littafin nan ya lalace, Baba ba ya buƙatar yin dogon tunani a ƙarshen wata. Sai ta ja kujera ta zauna ta ce, "Ware mini waɗanda ramin ya ci rubutu. Lambobin nan nasu na Larabci ni ba na gane su, ke ce za ki karanta."

Muna cikin warewa Malam Habibu ya dawo da tasbaha a hannu. Na miƙe. Na faɗa masa yadda abin yake, ban ɗora wa inji laifi ba, ban ɗora wa yarinya ba. Ya ɗauki kofi ɗaya ya juya shi, ya sa yatsa a ramukan. Ya zauna a benci ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Shekara ukku, ɗiyata."

Na ce, "Na sani, Malam."

"A sake bugawa?"

Mariyama ta ce, "Babu kuran, babu takarda."

Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "To mi za a yi? Ku ne masu sana'a."

Hanya ɗaya na gani, kuma tana shagon da ke jikin namu, na Tanti Hamsatu. Bazabarma ce, mai jiki, muryarta na kaiwa ƙarshen layi. Ita kaɗai ke da masiko, babbar wuƙar yanka takarda mai hannu kamar adda, kuma ba ta barin kowa ya taɓa shi. Ga shi makon nan ba ta magana da Baba Isufu saboda ya rage kuɗin fotokofi bai shawarce ta ba. Na goya Nafisa na ɗauki kofi ɗaya na shiga.

Na gaishe ta da Zabarmanci na ce, "Fofo, Tanti."

Ta ce, "Ƴar Isufu, in takarda ya aiko ki aro, ki ce masa ya je ya ara wurin araharsa."

Na miƙa mata littafin. Ta juya shi sau ɗaya ta gane. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ke da ake cewa idonki ya fi na inji?" Ta ɗauko rula ta auna daga bakin takarda zuwa bayan ramukan, ta auna abin da zai saura kafin rubutu. Ta ce, "Zai yi, amma da ƙyar. In hannu ya goce kaɗan, kin yanke wa malam karatunsa." Sai ta miƙo hannu biyu ta ce, "Ba ni yarinyar. Ke ki yanka ɓarnarki da hannunki."

Ban taɓa riƙe masiko ba sai ranar. Ta manna mini tef a kan farantinsa don awon ya zama ɗaya, ta ce takarda goma-goma, in danne da tafin hagu, in sauke wuƙar sau ɗaya ba tare da shakka ba, mai shakka shi ke tauna takarda. Ta ɗaure Nafisa a bayanta ta koma can nesa da wuƙar, tana jijjiga ta tana yi mata waƙa da Zabarmanci, tana kuma yi mini tsawa. "Danne. Ba tuwo kike tuƙawa ba." Siraran takardu masu ramuka suna zuba a ƙafata.

Shafi tara ne ramin ya ci wa rubutu, sai an sake su a kowane kofi. Mariyama ta tura su a wayarta ta tsallaka wurin mai hoton kati, shi kaɗai ke da pano na hasken rana a rufinsa. Ɗan injinsa na hoto ne, yana fitar da shafi kamar mai jin barci. Takardar kuwa wurin mai cika konkur ta samo ta, ta ce masa Baba zai mayar. Malam Habibu ya maida hularsa ya zo ya tsaya kusa da ni, ina yanka yana karɓa yana jerawa. Tsohon mushen nan na ƙarƙashin bedi ya taso ya ce a ba shi aiki, aka ba shi tari ya duba lambobi. Ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce, "Shekara talatin ina koyarwa, yau ga ni ban san biyu da shida ba." Aka ba shi aikin danne takardu kada iska ta kwashe.

Wajen ƙarfe uku Baba Isufu ya dawo da takarda a bayan moto. Ya tarar da shagonsa ba kowa, mutanensa duk suna shagon matar da ba ta gaishe shi. Ya shigo ya duƙa ya ɗauki siririyar takarda ɗaya daga ƙasa, ya ɗaga ta a haske yana kallon ramukan. Ya kalli littafin, ya kalle ni. Na jira. Ya koma ya ɗauko bangaye na roba da na kwali ya ce, "Waɗannan ma sai an rage su, in ba haka ba za su fi littafin faɗi."

Tanti Hamsatu ta ce, "Ka ga, yana da hankali wani lokaci."

Na dawo kan mashin ɗina na huda ta dama. Hannuna bai so ba, kowane ɗiba sai ya nemi ya juya ta inda ya saba, sai na riƙa faɗa a fili, dama, dama, kamar mai koyon tafiya. Ƙarfe huɗu saura ashirin na rufe sipiral na ƙarshe. Malam Habibu ya buɗe kowane kofi ta gefensa, ya bi shafukan, ya sa su a leda ya rungume. Wani mai kabu-kabu da ya tsaya yana kallonmu tun ɗazu ya riga ya tada moto.

Bayan la'asar ya kira wayar Mariyama, ta sa mu duka muna ji. Ya ce an karɓa. Ya ce sakatariyar ta ɗora nasa a kan na sauran ta ga ya fi su siranta, ta tambaye shi dalili. "Na ce mata shi ma ya ji shekarar ga, kamar kowa." Tanti Hamsatu ta yi dariya har Nafisa ta farka. Ni na karɓi ɗiyata na wuce likita da ita, aka ce masassara ce, aka ba mu magani.

Kwana tara da suka rage Baba Isufu bai tada maganar ba. Na riƙa ganinsa dai da yamma a ƙofar Tanti, suna magana ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ɗauka sulhun farashi suke yi. A gida na fara tambayar maƙwabciyarmu yadda ake sarin ƙuli-ƙuli.

Ran ƙarshen wata ya kira mu bayan la'asar. Ya ce, "Mariyama za ta zauna. Shago ba ya tafiya sai da mai ordinatar." Mariyama ta sunkuyar da kai. Na ce na gode, Allah ya saka da alheri, ya riƙe ni kamar ƴarsa. Na goya Nafisa, na naɗe zanen da ke cikin kwalinta.

Ya ce, "Ina za ki? Ɗauki mashin ɗin."

Na tsaya ina kallonsa. Ya nuna waje da haɓa. A barandar da ke tsakanin shagonsa da na Tanti an ajiye tebur, masiko na kai, Tanti na tsaye a gefensa hannu a ƙugu.

Ya ce, "Ni da matar nan ba mu taɓa yarda a kan komai ba sai a kanki. Daga yau ba na ɗaure littafi, ita ma ba ta ɗaurewa, mai hoto da na kusa da shi ma sun ce haka. Duk wanda ya buga takarda wurinmu, teburin can za mu nuna masa. Ba albashi. Abin da kika yi shi ne naki."

Na ce, "Baba, ni da na huda littafin mutum ta baya?"

Tanti ta ce, "Shi ya sa. Ke kin riga kin yi naki, kin kuma tsaya kin faɗa da bakinki. Yarana ba su yi nasu ba tukuna, kullum ina jiran ranar."

Na ce, "In ba ciniki fa? In kuran bai dawo ba?"

Baba Isufu ya ce, "Sai ki zauna ki kalli ƙwan fitila tare da mu."

Na juya wurin mashin ɗin. Da goyo a baya ba zan iya ɗaga shi ni kaɗai ba. Mariyama ta goge idonta da bakin mayafi ta taso, ta tsaya a gabansa ta ce, "Minista, wane gefe zan kama, hagu ko dama?"

Na ce ta bari in duba tukuna.